Tafiyar sannu a tsibiran Kogin Gambiya: jagora ga matafiyi daga Kano

Duk shekara jama'a da yawa daga Kano suna tafiya Kaulaha ta ƙasar Senegal domin ziyara a Madina Baye, garin Shehu Ibrahim Inyass, kuma mafi yawansu suna juyowa gida ba tare da sun san cewa tafiyar sa'o'i kaɗan daga nan zuwa kudu akwai wani babban kogi mai tsibirai, wanda mazauna gaɓarsa Musulmi ne 'yan'uwansu masu bin mazhabar Malikiyya. Ni ma ta wannan hanya na fara sanin Kogin Gambiya. Da na dawo, wani ƙanena da ke kasuwanci a Kantin Kwari ya tare ni da cewa, "Yaya, kwana goma sha biyu a bakin ruwa, ba sari ba ziyara, me aka samo?" Wannan jagora ita ce cikakkiyar amsar da zan iya ba shi, shi da duk wanda yake son ya yi irin wannan tafiya. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, zango uku sun isa, kuma a kowane zango kogin ne zai yanka maka lokacin tashi da na sauka.

Mataki na farko: ka san ƙasar da kogin kafin ka sayi tikiti

Gambiya ita ce ƙasa mafi ƙanƙanta a doron nahiyar Afirka in aka cire ƙasashen da ke tsibiran teku. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 11,300 ne, wato ta ɗan haura rabin jihar Kano, kuma Senegal ta kewaye ta ta ko'ina sai ta yamma inda take kallon Tekun Atlantika. Ƙasar gaba ɗayanta gaɓa biyu ce ta kogi guda. Kogin yana tasowa ne daga tsaunukan Futa Jalon a Gini, ya ratso ta Senegal, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,100 kafin ya faɗa teku a Banjul, wadda ita kanta a kan tsibiri take zaune.

Tsibiran kogin ba iri ɗaya ba ne. Na kusa da teku suna cikin ruwan gishiri, kogin a wurin yana da faɗi har mutum ya ɗauka teku ce. Na tsakiya galibi taɓo ne da kurmin wasu itatuwa masu tsirowa cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu suke tsaye a waje kamar ƙafafu, kuma ba kowa ke zaune a cikinsu ba. Daga wajen garin Kuntaur zuwa sama ruwan ya zama na daɗi, sai ka fara ganin giginya da rimi da kuka da fadamun shinkafa, kuma nan ne tafiyar ta fi armashi.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a sani domin kada a yi lissafin da ba zai yiwu ba. A da akwai babban jirgin fasinja da ke hawa kogin daga Banjul har Basse, yana tsayawa gari-gari da mutane da wasiƙu da kaya. Na ƙarshensu, mai suna Lady Chilel Jawara, ya nutse a 1984, kuma tun daga nan titin mota ya karɓe sufuri. Saboda haka a yau mota ce za ta kai ka bakin ruwa, sannan ka yi shatar kwalekwale mai inji. Duk garin da ka ji sunansa ya ƙare da "tenda", to mashigin jirgi ne, domin ma'anar kalmar ke nan a harshen Mandinka.

Mataki na biyu: lokaci

Damina a can tana farawa ne wajen Yuni ta ƙare a Oktoba, kamar tamu. Ka nufi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da ƙasa ba ta gama bushewa ba, hanyoyin ƙauye sun tsane, sauro ya ragu, dare kuma yana da sanyi a kan ruwa. Daga Maris zuwa Mayu zafin cikin ƙasar yana haura digiri 40, kuma duk da cewa Bakano ya san zafin bazara, zama cikin buɗaɗɗen kwalekwale da hasken rana na dukan ruwa yana dawowa fuska wani abu ne daban.

Mataki na uku: takardu, kuɗi da kaya

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, domin Gambiya da Senegal duk suna cikin ƙungiyar ECOWAS, kuma yarjejeniyar 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar zama har kwana 90. Duk da haka ka duba hatimin da jami'in shige da fice ya buga maka tun kana tsaye a gabansa, ka ga adadin kwanakin da ya rubuta, saboda da shi za a yi maka hukunci ranar fita. Fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kati, wajibi ne, kuma rigakafin ba ya fara aiki a hukumance sai bayan kwana goma, don haka kada a bar shi sai ana gobe tafiya. Ka yi hoton takardun nan biyu a takarda, ka ajiye a jaka daban, domin akwai shingayen bincike da yawa a kan manyan hanyoyin ƙasar.

Kuɗinsu dalasi ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka canji dala ko yuro ko sefa a Wapa kafin ka tashi, sababbin takardu marasa yagewa, sannan ka mayar da su dalasi a Banjul ko Serekunda ko Farafenni. Kada ka dogara da katin banki da zarar ka bar bakin teku. Ka nemi ƙananan takardun kuɗi da yawa, domin mai fito da mai shayi da mai sayar da burodi ba su da canjin babbar takarda, kuma ka raba kuɗin gida uku a jikinka da jakarka. Ka sayi layin waya na Africell ko QCell da fasfonka tun ranar farko. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, agogonsu kuma yana bayan namu da sa'a ɗaya.

Game da kaya, jaka ɗaya ta goyo wadda za ka iya miƙa wa mutum da hannu ɗaya daga gaɓa zuwa cikin jirgi ita ce ma'auni. Akwati mai taya wahala ne a kan taɓo. Ka sa gidan sauro, tocila, batirin cajin waya, malafa, riga mai dogon hannu, rigar sanyi guda, silifas na roba, sallaya mara nauyi da ƙaramar buta. Waya da fasfo su shiga jakar da ruwa ba ya ratsawa, kuma ka sani Gambiya ta haramta amfani da leda tun 2015. Ka ga likita kafin tafiya game da zazzaɓin cizon sauro, kuma duk maganin da kake sha kullum ka tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Ina kuma ba da shawarar mutum ya sayi rigar ceto tasa ta kansa ya tafi da ita, zan faɗi dalili nan gaba.

Mataki na huɗu: hanya

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano za ka fara zuwa Legas ko Abuja, daga can ka hau jirgin da zai kai ka filin jirgin Banjul da ke Yundum, galibi bayan an ya da zango a Lome ko Dakar. Ana karɓar kuɗin tsaro a filin jirgin lokacin shiga da lokacin fita, don haka ka ware tsabar kuɗi. Tafiya ta ƙasa ta Nijar da Burkina Faso da Mali doguwa ce, kuma halin tsaron da hanyar ke ciki ya sa ba na ba kowa shawarar bin ta. Wanda yake Kaulaha kuwa yana da ƙofa biyu: ko ya bi ta Karang ya shiga Amdallai ya sauka Barra, ko ya bi ta Nioro ya shiga Farafenni.

Tsarin da na ga ya fi dacewa zagaye ne. Ka hau ta gaɓar arewa, ka tsallaka kogin a can sama, ka dawo ta gaɓar kudu. Kwana goma zuwa goma sha biyu: biyu a Albreda, uku a Kuntaur, huɗu ko biyar a Janjanbureh, sauran na hanya.

Zango na farko: Albreda da tsibirin Kunta Kinteh

Daga Banjul babban jirgin fito ne ke tsallakar da mutane da motoci zuwa Barra. Ka je da sassafe ka hau na farko, kuma in aka ce ya yi jinkiri ka jira shi, kada ka bi manyan kwalekwalen katako da ke lodin mutane a gefe, domin bakin kogin a nan teku ne sosai. Daga Barra mota za ta kai ka Albreda da maƙwabciyarta Juffureh.

Tsibirin yana tsakiyar ruwa, kusan kilomita 30 daga bakin teku. Turawa sun fara gina ganuwa a kansa a 1651, Ingilishi suka ƙwace shi a 1661 suka sa masa suna James, kuma ya daɗe yana zama wurin tsare bayi kafin a loda su zuwa Amurka. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003, aka canza masa suna zuwa Kunta Kinteh a 2011. Yawancin baƙi suna zuwa ne daga otal-otal na bakin teku, su yi sa'a ɗaya su juya. Kai ka kwana a Albreda, ka shiga gidan tarihin bauta da ke nan da yamma, washegari ka tsallaka da hantsi kafin ayarin ya iso. Abin da za ka tarar ƙaramin wuri ne ƙwarai, kangon bango da tsofaffin igwa da 'yan kukoki, ruwa yana cin gefensa shekara da shekaru. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙasa mai ƙaramar taga guda, wanda na shiga na tsaya ni kaɗai, na ji ƙarar ruwa tana shigowa ta tagar, ban iya daɗewa ba na fito na yi wa waɗanda aka tsare a ciki addu'a. Wurin yana son shiru, kuma ba a samun shiru sai an riga jama'a zuwa.

Mataki na biyar: yadda ake shatar kwalekwale

Wannan shi ne ƙashin bayan tafiyar, don haka zan tsaya a kansa.

Bakano ya saba da ruwan Tiga ko na Challawa, wanda ko dai yana kwance ko yana gangarawa gefe guda. Kogin Gambiya ba haka yake ba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka cikowar teku tana tura ruwan kogin baya har ɗaruruwan kilomita zuwa cikin ƙasa, sau biyu a kowace rana, sannan ya janye. Za ka ga ganye yana tafiya gabas da safe, da azahar ka gan shi yana komawa yamma. Lokacin cikowar yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, kuma ta fi ƙarfi a farkon wata da kuma tsakiyarsa, wajen daren sha huɗu, don haka mai bin lissafin watan Musulunci ya riga ya riƙe rabin ilimin. Amfanin sanin wannan a fili yake. Jirgin da ya bi ruwa yana sauri kuma yana shan mai kaɗan, wanda ya yi gaba da ruwa kuwa yana jan jiki. Haka kuma ƙananan rassan kogin, waɗanda suke kira bolon, suna zama taɓo zalla idan ruwa ya janye. Idan matuƙi ya ce maka sai ƙarfe goma za a tashi alhali kai ka shirya tun asuba, ba lalaci ba ne, ruwa yake jira. Tambayar da za ka yi masa da daddare ita ce, "Gobe yaushe ruwa zai juya?" Daga amsarsa za ka tsara yininka.

Ka nemi matuƙi ta hannun mai masaukinka ko dattawan mashigi, domin wanda aka san gidansu ya fi wanda ya tare ka a tasha. Ka je ka ga jirgin da idonka tun da rana. Ka duba ko akwai ruwa kwance a cikinsa da abin kwarfewa, ko akwai filafili ko gora na ko-ta-kwana idan inji ya mutu, ko akwai rumfa, ko akwai jarkar mai ta biyu, sannan ka sa a tayar da injin a gabanka. Ciniki kuma a gama shi a kan tudu: kuɗin na jirgi ne gaba ɗaya ko na kowane mutum, mai yana ciki ko a'a, ina da ina za a tsaya, sa'a nawa, kuma wa zai biya kuɗin shiga gandun daji. Idan tafiyar ta zuwa ce kawai, ka sani matuƙin zai koma gida da jirgi ba kowa, kuma adalci ne man komawarsa ya shiga lissafi. Ka ba da kuɗin mai tun farko, ragowar sai an sauka. Ni na taɓa yin sakaci da zancen jarka ta biyu, mai ya ƙare mana ana saura kaɗan mu isa, muka yi ta tuƙi da filafili har bayan magariba sauro yana cin mu, kuma tun daga ranar ba na shiga jirgi sai na ɗaga jarkar na ji nauyinta.

Mu mutanen Kano ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan haɗarin ruwa, domin ba mu manta da kifewar jirgin Bagwai a watan Nuwamban 2021 ba, wanda ya ci rayukan ɗaliban Islamiyya. Dokokin kaɗan ne kuma ba a sassauta su. Ka sa rigar ceto ka ɗaure ta tun kafin a tura jirgi, kuma dalilin da ya sa na ce ka zo da taka shi ne, waɗanda ake samu a wasu jiragen sun tsufa, igiyoyinsu sun tsinke. Kada ka shiga jirgin da aka yi wa lodi har ruwa ya kusa bakinsa, ko da za ka kwana a mashigi. Kada ka miƙe tsaye ana tafiya, kada a yi tafiyar dare, kuma kada ka yi wanka ko iyo a kogin, saboda kada da dorina da kuma cutar tsargiya da ake ɗauka a ruwan daɗi mai kwanciya.

Zango na biyu: Kuntaur

Daga Barra titin gaɓar arewa zai bi da kai ta Kerewan da Farafenni, inda gadar Senegambiya da aka buɗe a Janairun 2019 ta haɗa gaɓoɓin biyu, har zuwa Wassu. Motocin haya da suke kira gele-gele ba sa tashi sai sun cika, kamar dai a tashar Kofar Ruwa, don haka ka kama ta farko. Kuntaur tana bakin ruwa kusa da Wassu. A zamanin da gyaɗa ke tashe manyan jiragen teku suna hawowa har nan su yi lodi, kuma wanda ya ji labarin dalar gyaɗa a Kano zai gane tsofaffin rumbunan da ke bakin mashigin da ganin farko.

Sama da garin kaɗan akwai tsibirai biyar da taswira ke kira Baboon Islands, wato tsibiran bika, waɗanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1978. A 1979 aka fara sakin birran cimfanzi da aka ƙwato daga hannun masu fataucinsu a kan wasu daga cikin tsibiran, suka hayayyafa har suka haura ɗari. An hana kowa sauka, kuma hanin yana da hujja: dabbar ta fi mutum ƙarfi nesa ba kusa ba, sannan tana kamuwa da cututtukanmu, har mura. Daga cikin jirgi ake kallonsu, tare da ma'aikacin gandun. Ka fita da la'asar, ka roƙi matuƙi ya kashe inji idan an kusa, ku bar ruwa ya ɗauke ku. Haka muka yi, sai ga wata uwa ta sauko reshen da ya sunkuyo kan ruwa da ɗanta manne a cikinta, ta dube mu tsawon lokaci, ta miƙa hannu ta tsinki ganye ta juya. Ba a ihu, ba a jefa musu abinci.

Dorina ma tana nan. Abin da za ka fara gani kunnuwa biyu ne da hanci, sai huci. Kada ka matsa wa matuƙi ya kusance ta domin hoto, musamman mai ɗa, domin tana iya kifar da jirgi. Nisan da ya zaɓa shi ne daidai.

Ka ware safiya guda domin duwatsun Wassu. Ginshiƙai ne na jar marmara da aka sassaƙa aka kafa su da'ira-da'ira a kan kaburburan mutanen da, wasu sun fi tsayin mutum, kuma UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi a 2006 tare da 'yan'uwansu na Kerbatch da na cikin Senegal. Idan zamanka ya haɗa da Litinin, ranar ce kasuwar mako ta Wassu, wadda suke kira lumo, inda za ka ga Fulani da shanu da amalanken doki kamar kana wata kasuwar ƙauye a ƙasar Kano.

Mataki na shida: zama da mutane

Idan za ka sauka a ƙauyen da ba masaukin baƙi, ka fara da gidan alkalo, wato dagaci, da ɗan ƙullin goro a hannu, ka faɗi sunanka da garinku da abin da ya kawo ka. Goro a can yana da irin darajar da yake da ita a wurinmu, kuma sunan Kano ba baƙo ba ne a kunnen malamansu. Sallama ita ce mabuɗi. Bayanta ka koyi kalmomi kaɗan: Mandinka suna tambaya "Kaira be?" a amsa "Kaira dorong", wato lafiya lau, godiya kuma "abaraka". Fulani suna cewa "jam tan" da "jarama", kuma mai jin Fulatanci zai iya cin kasuwa da shi duk da bambancin karin harshe. Ingilishi shi ne harshen hukuma.

Shayinsu, ataya, zagaye uku ne, kuma dafa shi yana cin sa'a guda ko fiye. Wanda ya sha kofin farko ya tashi ya yanke hira a tsakiya. A wurin ataya ne za ka ji wane matuƙi ne amintacce, ina dorina ta koma, wace rana ake biki. Kada ka ɗauki hoton mutum, musamman mata a fadamar shinkafa, sai da izini. Kada ka raba wa yara kuɗi a hanya. In kana da niyyar alheri ka kai wa limami ko shugaban makaranta.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Domoda miyar gyaɗa ce a kan shinkafa, benacin dafa-duka ce, supakanja miyar kuɓewa ce da manja da kifi, wonjo zoɓo ne, buyi kuma kwalba da nono ce ta garin kuka. Da safe akwai burodin tapalapa da wake ko ƙwai. Ana ci ne a kwano guda, kowa ya tsaya a gabansa, mai gida yana gutsuro nama ko kifi yana turo wa baƙo. Ruwan sha kuwa ka tsaya a kan na gora ko wanda aka tafasa. Masallaci yana kowane gari, alƙibla tana gabas da ɗan karkata arewa kamar a gida, kuma ya fi sauƙi ka tsara da matuƙi a tsaya a gaɓa lokacin salla, ka yi alwala da ruwan butarka nesa da bakin ruwa.

Zango na uku: Janjanbureh

Daga Kuntaur ka yi shatar jirgi zuwa Janjanbureh. Mota ta fi sauri da araha, amma wannan rabin yinin a kan ruwa shi ne abin da ka baro Kano dominsa. Kogin yana lanƙwasa tsakanin tsibirai, jan biri yana tsalle a kan giginya, zalɓe yana tsaye a taɓo, mikiya mai kamun kifi tana kuka daga ƙololuwar itace. An ƙirga tsuntsaye fiye da iri 500 a wannan ƙaramar ƙasa.

Janjanbureh gari ne a kan tsibiri mai tsawon kusan kilomita 10, nisan kusan kilomita 300 daga Banjul. Ingilishi sun karɓi tsibirin a 1823 suka sa masa sunan gwamnansu MacCarthy, suka kira garin Georgetown, suka zaunar da bayin da aka 'yanta a ciki. An mayar masa da sunansa na gargajiya a 1995. Ta arewa ƙaramin jirgin fito ne ke haɗa shi da Lamin Koto, ta kudu kuma gadar Sankulay Kunda da aka buɗe a 2010.

A nan ne nake roƙon matafiyi ya ajiye jerin wuraren zuwa. Za a iya zagaye garin a ƙafa cikin safiya ɗaya: makarantar Armitage da aka kafa a 1927 domin 'ya'yan sarakuna, irin manufar makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, tsohuwar majami'ar Methodist ta 1835, wurin itacen 'yanci, wanda ake cewa duk bawan da ya gudo ya taɓa shi ya kuɓuta, da kangon rumbunan 'yan kasuwa a bakin ruwa. Za a nuna maka wani gini a ce gidan bayi ne, amma masana tarihi da dama suna ganin rumbun kaya ne da aka gina daga baya, don haka ka saurara da ladabi ka riƙe wannan a ranka. Akwai kuma gidan tarihin Kankuran, dodon Mandinka mai suturar ɓawon itace da adduna biyu, wanda ke fitowa lokacin kaciyar yara, ana kuma yi masa biki a garin a watan Janairu. Idan ka ci karo da na gaske a unguwa, ka kauce kamar yadda ka ga 'yan gari sun kauce.

Sauran kwanakin ka ba kowanne abu guda. Rana ɗaya ka ari keke ka bi tsibirin har ƙarshensa ta cikin gonaki. Rana ɗaya ka bi masunci da asuba ka ga yadda ake ɗaga koma. Rana ɗaya ka tsallaka kudu ka ga fadamun Jahally da Pacharr, inda ake noman shinkafa da cikowar kogi, a buɗe ƙofar ruwa idan ya ciko a rufe idan zai janye, abin da duk wanda ya san wahalar injin ban-ruwa a Kadawa zai tsaya ya kalla da kyau. Wanda yake son tarihi ya nemi mota zuwa Karantaba Tenda a gaɓar arewa, inda aka kafa ginshiƙin tunawa da Mungo Park, Baturen nan mai yawon binciken ƙasashe. Daga nan ya tashi a 1795, ya sake tashi a 1805 yana neman bakin Kogin Kwara, tafiyar da ta ƙare da mutuwarsa a Bussa, garin da yanzu yake ƙarƙashin ruwan Kainji. Da yamma kuwa ka koma mashigi ka zauna, ka ga jirgin fito yana kai da kawo da ɗalibai da awaki da buhunan shinkafa. A kwana na uku mai shayin zai daina tambayarka yawan sukari, kuma a nan ne za a fara gayyatarka suna da ɗaurin aure.

Mataki na ƙarshe: komowa

Ka fita ta gadar Sankulay Kunda ka kama titin gaɓar kudu, wanda zai bi da kai ta Soma da Brikama. Manyan motocin kamfanin GTSC sun fi gele-gele natsuwa, kuma na safe ake nema, don haka ka tambayi lokacin wucewarsu tun ana gobe. Ka lissafa yini guda cur domin wannan hanya. Kada ka haɗa ranar barin tsibiri da ranar tashin jirginka. Ka bar kwana ɗaya a Serekunda ko Brikama, wadda ta fi kusa da filin jirgi. Ka sallami mai masaukinka da matuƙinka tun da daddare, ka biya duk abin da ake bin ka, ka karɓi lambobinsu domin wanda zai zo bayanka. Ragowar dalasin da ke hannunka ka canza shi kafin ka shiga filin jirgi, ka bar abin da zai biya kuɗin fita kawai, domin da wuya ka sami mai karɓarsa a Wapa.